Shaiɗanun Talabijin da Shari'ar Ɗan Mowa da Ɗan Bora

Kwanakin baya, da aka ƙare jarrabawa kowa ya sami sararin shan iska, mun taru mu wajen takwas a ɗakin wani abokinmu muna kallon wani shirin talabijin na ƙasar Amurka mai suna Ash vs Evil Dead. Shiri ne irin wanda ake gwama ban tsoro da ban dariya a cikinsa, mutum ya razana ya yi tsalle, kafin ya zauna kuma ya tuntsire da dariya. Muna cikin kallo, an kai wurin da aka fitar da shaiɗani daga jikin wata yarinya ta tashi garau, sai wani ɗan'uwa mai karatun shari'a ya ɗaga hannu kamar yana aji, ya ce a dakata. Ya ce shi fa yana da tambaya: in dai ana iya fitar da abin nan daga jikin mutum ya rayu, to mutanen da jarumin ya yi ta datsawa da zarton inji tun farkon shirin, laifin me suka yi da ba a gwada musu wannan magani ba? Nan take ɗaki ya kaure. Wasu suka ce ya cika ƙaƙale, wasu suka ce ai wasa ne, wa ke neman hujja a wurin wasa. Ni dai na yi shiru a daren nan, amma da na kwana na tashi sai na ga gaskiya tana wurinsa, kuma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Abin da nake so in tabbatar wa mai karatu shi ne, duk wanda ya ƙaga labari ya sa shaiɗanu a ciki, wajibi ne ya kafa musu doka, in kuwa ya kafa wajibi ne ya tsare ta, ko da labarin nasa na raha ne. Ba ina magana a kan haƙiƙanin aljanu da shaiɗanu ba, wannan fage ne na malamai, kuma ban isa in tsoma baki a ciki ba. Maganata a kan shaiɗanun da marubuci ya ƙera da hannunsa take, waɗanda ba su da wani iko sai wanda ya ba su.

Asalin labarin

Kafin a shiga gardama ya kamata a san tushen abin. A shekarar 1981 wani saurayi Ba'amurke mai suna Sam Raimi ya fito da wani fim, The Evil Dead, wanda ya ɗauka a dajin jihar Tenesi da kuɗin da bai kai dala rabin miliyan ba, yana ɗan shekara 20 lokacin da aka fara ɗauka. Abokinsa na ƙuruciya, Bruce Campbell, shi ya fito a matsayin Ash. Labarin ɗalibai ne su biyar na wata jami'a a jihar Mishigan, suka tafi hutu wani ɗan gidan katako a tsakiyar daji, suka tsinci wani tsohon littafi da rakoda a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da suka kunna rakodar sai muryar wani masani ta karanto surkullen da ke cikin littafin, miyagun abubuwa suka farka, suka riƙa shiga ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. A 1987 aka yi na biyu, Evil Dead II, wanda dariya ta fi yawa a cikinsa, sannan Army of Darkness ya biyo baya a farkon shekarun 1990, inda aka jefa Ash can baya zuwa shekara ta 1300. Bayan an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, tashar Starz ta dawo da shi a talabijin ranar 31 ga Oktoba 2015, aka yi zango 3, kowane zango kashi 10, aka rufe a watan Afrilu 2018. A ƙasar Niyu Zilan aka ɗauki shirin. A nan Ash ya manyanta, yana ɗan aikin jera kaya a wani kanti, hannu ɗaya gare shi, ga son mata ga wauta. Da bakinsa ya sake karanta littafin cikin maye don ya burge wata mace, masifa ta dawo sabuwa. Abokan aikinsa biyu, Pablo da Kelly, su suka zama mataimakansa. Wanda abin ya shiga jikinsa kuwa sunansa Deadite a cikin labarin.

Dokokin da aka kafa

Fim ɗin 1981 ya kafa doka mai tsanani, kuma bai ɓoye ta ba. Muryar da ke cikin rakoda ta faɗa ƙarara cewa wanda abin ya shiga babu yadda za a tsayar da shi sai an yi gunduwa-gunduwa da jikinsa. Ƙofar shiga ma an nuna ta gwargwado: ƙanwar Ash, Cheryl, sai da itatuwan dajin suka far mata kafin ta juye, budurwarsa Linda kuwa sukar fensir aka yi mata a idon sawu, daga nan cutar ta yaɗu. Wato sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dubi yadda wannan doka ta haifar da wuri mafi taɓa zuciya a fim ɗin. Ash ya ɗaure Linda, ya tayar da zarton inji, ya dube ta, ya kasa. Ya ɗauke ta ya binne ta cikin mutunci. Saboda ya ƙi bin dokar, ta taso daga kabari ta far masa. Ɗan kallo ya san dokar, ya san Ash ya karya ta don ƙauna, ya kuma san abin da zai biyo baya, shi ya sa zuciyarsa ke dukan uku-uku tun kafin ƙasar kabarin ta motsa.

To, sai aka zo 1987. A farkon fim na biyu abin ya shiga Ash kansa, amma gari na wayewa hasken rana ya kore shi. Can gaba ya sake shigarsa, wannan karo ganin sarƙar wuyan Linda ya dawo da shi hayyacinsa. Ashe ke nan akwai magani har iri biyu, fitowar rana da tuna masoyi. A cikin wannan fim ɗin dai cizo ya sa hannunsa na dama kaɗai ya kangare masa, ya riƙa fasa masa faranti a ka, har ya yanke shi. Ashe ke nan abin yana iya tsayawa a gaɓa guda. Kayan ɗaki ma, da fitila da kan barewa da aka rataye a bango, duk suka kama ƙyaƙyata dariya. A fim na uku wata mace mai suna Sheila ta juye ta zama ɗaya daga cikinsu, amma da aka gama yaƙi ta dawo mutum lafiya lau ba tare da an yanke mata ko yatsa ba.

Shirin talabijin ya gaji wannan tarin dokoki masu karo da juna, maimakon ya tace su sai ya ƙara nasa. A kashi na farko 'yar tsana ce ta far wa Ash a ɗakin ajiyar kaya. A kashi na biyu mahaifiyar Kelly, wadda ta rasu watanni kafin nan, ta dawo gida da kamanninta na mutane, ta zauna aka ci abinci da ita, sai da Ash ya tsokane ta ainihinta ya fito. A zango na biyu motar Ash ce aka shiga, ta riƙa bin mutane tana takewa, har ta kashe mahaifinsa. Mai rai ana shigarsa, gawa ana shigarta, ƙarfe da roba ma ba su tsira ba. Wani sai an ji masa rauni, wani kuwa yana tsaye lafiya ƙalau za a ga idonsa ya yi fari. A 1987 an sare kan Linda amma kan ya ci gaba da magana, gangar jikin kuma ta ɗauki zarto ta biyo Ash. A talabijin sau da yawa harbi ɗaya a ka ya wadatar. Maganin hasken rana kuwa ba wanda ya ƙara tunawa da shi, ban ga inda aka ɗaure wani aka jira asuba ba.

Hujjojin masu kare shirin

Adalci ne a kawo abin da masu kishiyar ra'ayina ke faɗi, don ba maganar banza suke yi ba. Hujjarsu ta farko ta tarihi ce. Lokacin da za a yi fim na biyu, Raimi ba shi da ikon amfani da hotunan fim na farko, saboda haƙƙin mallakarsu yana hannun wasu, sai ya sake ɗaukar farkon labarin a taƙaice, ya rage ɗaliban daga biyar zuwa biyu. Haka kuma a zangon farko na shirin talabijin an kauce wa ambaton abin da ya faru a fim na uku, shi ma saboda batun haƙƙin mallaka. Labarin da aka yi ta ɗinkawa shekara 37 a hannun kamfanoni daban-daban, in ji su, ba abin mamaki ba ne a ga ɗinkin ya karkace. Na yarda ruwa ba ya tsami banza. Sai dai wannan uzuri ne na yadda ɓarakar ta samu, bai mayar da ita ado ba, kuma marubutan 2015 suna da damar zama su zaɓi doka guda su bi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Suka ce ai mugun abin da ke cikin wannan labari halinsa ke nan, ba ya bin tsari, azabtarwa da izgili yake so, yana shiga wanda ya ga dama ya saki wanda ya ga dama don ya wulaƙanta Ash. Rashin dokar shi ne dokar. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma yabon gwani ya zama dole: abu ɗaya da labarin bai taɓa saɓawa ba tun 1981 shi ne cewa Deadite yakan koma muryar mutumin da ya shiga, ya yi kuka, ya roƙi a ji tausayinsa, da zarar an sassauta ya kai cafka. Linda ta yi haka, mahaifiyar Kelly ta yi haka. Ku lura kuwa, wannan wurin da aka tsare doka shi ne wurin da shirin ya fi ratsa jiki. Amma in da gaske ne abin yana sakin wanda ya ga dama, da mun ga ko sau ɗaya ya saki wani direba ko wata mai sayar da abinci. Abin da muka gani shi ne duk wanda aka saki sunansa yana cikin manyan 'yan wasa. Iskar da ke kaɗawa kullum gefe guda, akwai mai fifita ta.

Za a iya cewa Kelly dabam ce, domin abin da ya shige ta wani shaiɗani ne mai suna Eligos da aka kirawo daga littafin, kuma kawun Pablo, wani boka, shi ya yi aikin fitar da shi har ya rasa ransa a wurin. To, na karɓa. Amma Ash fa, da ya juye sau biyu a 1987 ya dawo? Sheila fa? Pablo fa, da ya juye a zango na uku shi ma ya dawo? Amanda Fisher, 'yar sandar da ta bi su har gidan katakon a zangon farko, ta mutu ta juye, ba wanda ya nemi wata dabara a kanta.

Hujja ta uku ita ce wadda aka jefi ɗan'uwanmu da ita a ɗakin nan: ai wasa ne. Wannan ita ce mafi rauni, ko da yake ta fi yawan magoya baya.

Wasa ma da dokarsa

Wa ya taɓa ganin wasan da ba shi da doka? Ɗan langa in ya saki ƙafa ya fita. Ɗan dambe in gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, ko ɗan sarkin fawa ne. Ranar da alƙalin wasa ya ce wane in ya faɗi ba a ƙirga ba, ranar 'yan kallo za su watse, don babu sauran abin da za a zuba wa ido. Ban dariya ma haka yake. Iyayenmu da suka kalli Samanja a talabijin ɗin Kaduna, abin da ke sa su dariya tun kafin ya buɗe baki shi ne sun san halinsa sarai, sun san yadda zai ɗauki kowace magana da zafin soja, suna jiran su ga yadda wannan hali zai yi karo da abin da ke gabansa. Gizo na tatsuniya in ya wayi gari mai gaskiya da riƙon amana ba tare da dalili ba, yaran da ke zaune gaban kaka su za su fara cewa ba haka labarin yake ba. Dariya tana zuwa ne daga tsammani, ko a cika shi ta hanyar da ba a zata ba, ko a karya shi da gangan ɗan kallo yana sane. Wanda bai san doka ba, ba shi da tsammanin da za a yi wasa da shi.

Masu fim ɗin Gremlins na 1984 sun gane wannan. Sun kafa wa halittunsu dokoki uku tun farko: kada haske mai ƙarfi ya taɓa su, kada ruwa ya taɓa su, kada a ba su abinci bayan sha biyun dare. Duk tsoro da dariyar fim ɗin a kan jiran karya waɗannan ya rataya. Da aka yi na biyu a 1990 har sun sa wasu mutane a ciki suna yi wa dokar sha biyun dare ba'a, suna tambayar yadda za a yi in ana cikin jirgin sama aka tsallaka inda agogo ke sauyawa. Sun sami damar wannan raha ne saboda dokar tana nan daram, kowa ya haddace ta.

Tsoro ma bai tsira daga wannan ƙa'ida ba. Fim ɗin The Exorcist na 1973, wanda kusan duk mai labarin shigar shaiɗani a Yammacin duniya daga gare shi ya sha, ya jingina ne da tsarin Cocin Katolika, wanda littafin ibadarsa na 1614 ya lissafa alamomin da za a duba kafin a yarda cewa shiga ce: magana da harshen da mutum bai koya ba, sanin abin da ke ɓoye, da ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam. Rabin fim ɗin a kan bincike ya ƙare, likitoci su gwada nasu, limamin coci ya auna alamomi, ya nemi izinin na gaba da shi. Wannan tsari ne ya sa abin ya yi nauyi. Mu ma nan ƙasar Hausa, duk wanda ya karanci al'adun gargajiya ya san masu bori ba su ɗauki hawan iska abin kara-zube ba. A wurinsu kowane iska da sunansa, da kiɗansa, da kirarinsa, da irin tufafinsa da tafiyarsa. Ɗan Galadima ba ya yin abin Sarkin Rafi, Kuturu ba ya yin abin Malam Alhaji. Sai an yi girka ake zama doki ko goɗiya, kuma da atishawa ake sauka. Ko mutum ya ƙi al'adar ƙiyayya mai tsanani, zai yarda cewa masu ita sun san hankalin ɗan'adam ba ya karɓar abin da ba shi da tsari. Abin da 'yan bori suka tsare a dandali bai kamata ya gagari marubutan da ake biya albashi ba.

Inda maganar ta daina zama ta raha

Da a ce iyakar abin ke nan, da sai a ce gardama ce ta masu sha'awar fim, a bar ta a ɗakin kwana. Amma tambayar ɗan'uwanmu mai karatun shari'a ta wuce nan. A labarin vampaya na Buffy the Vampire Slayer, wanda aka yi daga 1997 zuwa 2003, an faɗa tun farko cewa mutumin ya riga ya mutu, ransa ya tafi, shaiɗani ne ke zaune a gawarsa, don haka wadda ke soke su ba ta kashe kowa ba. Ko wannan doka sai da ta yi ta girgiza daga baya, amma dai an san inda aka tsaya. A labarin shiga jiki kuwa, tambayar ko mutumin yana ciki da ransa ita ce komai. In ya tafi, mai zarto jarumi ne. In yana ciki kuma ana iya ceto shi, mai zarto ya yi kisan kai, ko da bisa tilas ne. Labarin da ya ƙi amsa wannan tambaya, ko yake amsa ta iri biyu gwargwadon wanda abin ya shafa, yana so ne mu yi dariyar jini a kashi na biyu mu kuma yi addu'ar Kelly ta tsira a kashi na biyar, ba tare da mun haɗa biyun a zuciya ba.

Shirin Supernatural, wanda ya yi zango 15 daga 2005 zuwa 2020, ya nuna yadda wannan zamewa take faruwa sannu a hankali. Ba shirin barkwanci ba ne tsantsa, amma raha ta yi yawa a cikinsa. Ya fara da dokoki tsaf: shaiɗani baƙin hayaƙi ne, yana shiga ba da izini ba, gishiri na tare shi, ruwan da aka tsarkake na ƙona shi, akwai zanen da in ya shiga ba ya fita, akwai karatun da ke fitar da shi. A ƙarshen zango na farko, a 2006, 'yan'uwan nan biyu Sam da Dean suka kama wata mai suna Meg, dattijon da ke taimakonsu ya gargaɗe su cewa akwai yarinya marar laifi a cikin jikin. Suka fitar da shaiɗanin, yarinyar ta farfaɗo na ɗan lokaci, ta mutu a hannunsu saboda jikinta ya riga ya karairaye. Wannan mutuwa ta yi nauyi, har a zango na huɗu fatalwarta ta dawo tana tuhumar su. Amma tun daga zango na uku aka kawo wata wuƙa mai kashe shaiɗani tare da wanda ya shiga, kuma da tafiya ta yi nisa sai suka zama abin yau da kullum, karatun fitarwa ya koma na lokaci-lokaci, musamman in wanda aka shiga nasu ne. Akwai ma wata kalma ta Latin da aka nuna a zangon farko cewa in an furta ta shaiɗani yakan tona kansa, dabara mai sauƙi wadda da ta warware rikici da yawa, sai aka yi shekaru ba a waiwaye ta ba. A ɗaya gefen kuma, dokar da suka kafa cewa mala'ika ba ya shiga jikin mutum sai mutumin ya amince da bakinsa, sun riƙe ta, kuma ita ta ɗauki nauyin zango na biyar gaba ɗaya, inda duniya ta rataya a kan ko 'yan'uwan za su ce to. Shiri ɗaya, marubuta kusan ɗaya, dokar da aka tsare ta haifi labari, wadda aka yi sakaci da ita ta bar gawawwakin da ba wanda ya ƙirga.

Ba kuma za a ce gyaran ba ya yiwuwa a gidan Evil Dead ba. Fim ɗin da Fede Álvarez ya yi a 2013 ya rubuta hanyoyi uku a cikin littafin: ƙonawa, ko datsawa, ko binnewa da rai. Yayan yarinyar da aka shiga ya zaɓi binnewa, ya tono ta, ya farfaɗo da zuciyarta, ta dawo. An ceci jaruma a nan ma, amma ta ƙofar da aka nuna wa ɗan kallo tun da wuri, kuma an biya farashi mai tsada.

Abin da ya shafe mu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku da kuka riga mu kama aiki a ma'aikatu, na san wani zai ce mene ne haɗinmu da wani Ba'amurke mai zarto a hannu. Haɗin shi ne mun san wannan shari'a, sunanta shari'ar ɗan mowa da ɗan bora. Mun san dokar da ke cewa wanda ya makara da rajista ya jira baɗi, sai kuma a ga ƙofa ta buɗe wa wani bayan an rufe. Mun san ƙa'idar ƙarin girma da ake karanta wa ƙaramin akawu layi-layi, a tsallake ta in an zo kan shafaffe da mai. Ban ce shirin talabijin ne ya koya wa kowa wannan ba, halin ya girmi talabijin. Abin da nake cewa shi ne idon da ya saba ganin doka na lanƙwasa wa jarumi a allo yana tafi, ba zai yi saurin ganin ta ba in ta lanƙwasa a ofis. Wanda kuwa ya saba tambayar me ya sa aka ceci wannan aka bar wancan, ya sami horon da zai amfane shi ranar da aka ajiye fayil biyu a gabansa, ɗaya na ɗan garinsu ɗaya na baƙo. Ɗan'uwanmu da aka yi wa ihu a ɗakin nan aikin da aka turo shi jami'a ya koya yake yi.

Akwai kuma waɗanda a cikinmu suke rubuta wasan kwaikwayo a ƙungiyoyin ɗalibai, wasu ma suna da burin shiga harkar fim a Kano, inda labarin aljanu da bokaye ba baƙo ba ne. Shawarata gare su mai sauƙi ce. Kafin ka sa aljani ko dodo a labarinka, ɗauki takarda guda ka amsa tambayoyi huɗu: ta ina yake shiga, me yake iyawa kuma me ya gagare shi, mutumin da ya shiga yana nan ko ya tafi, sannan da me ake fitar da shi kuma nawa ne farashin. Ba dole ne ka karanta wa 'yan kallo takardar ba, amma ka manna ta inda kake rubutu. In labari ya kai ka lungun da dokar za ta ci jaruminka, ko ka bar ta ta ci shi, ko ka koma baya ka shuka mafitar tun farko yadda kowa zai iya bi ta nan, har da mai gadi da ɗan aike. In kuwa za ka karya ta don raha, karya ta a fili, ka sa wani a cikin wasan ya yi tambayar da ɗan kallo zai yi.

Har yanzu ina kallon Ash ina dariya, kuma ba na hana kowa. Bruce Campbell gwani ne, wautar da yake yi da fuska kaɗai ta isa kallo. Sai dai da marubutansa sun ba shaiɗanunsu doka guda sun tsaya a kanta, da dariyar ta fi haka daɗi, da kuma ba mu tashi daga kallo da tambayar da ba ta da amsa ba. Wanda yake ganin na yi kuskure, shafin nan a buɗe yake, ya kawo tasa hujjar a fitowa ta gaba, amma ya zo da amsar abin da ya sa ba a jira wa Amanda Fisher fitowar rana ba.